Wanda bai taso da sifana a hannu ba, ta ina zai fara koyon gyara?

SabonShiga:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni dan Allah, ina so waɗanda suka sani su ba ni amsa tsakani da Allah. Mutumin da bai taso gidan masu aikin hannu ba, ya girma bai taɓa kwance ko noti ɗaya ba, zai iya koyon ƙananan gyare-gyaren gida da na mota da girmansa? In zai iya, ta ina zai fara? Ba kuɗin gyaran ne kaɗai ke damuna ba, jiran ne da kuma rashin sanin me ake min, famfo na ɗiga sai na jira mai gyara, fanka ta rage gudu sai na jira, mota ta kunna wata fitila a gabana sai dai in kai ta gareji in tsaya ina kallo duk abin da aka ce min ya lalace in ce to. Amma wani abokina ya ce in rufa wa kaina asiri, wai gyaran ɗan koyo ɓarna ce, ƙarshenta sai ka biya kuɗi biyu. Gaskiyarsa ne?

Baba_Sifana:
Wa alaikumus salam. Ɗana za ka iya, babu wanda aka haifa da sifana a hannu. Ni a gareji na tsufa, kuma abin da nake fara koya wa yaro ba kwancewa ba ne, kallo ne. Da safe kafin ka tayar da mota ka buɗe bonet, ka zaro sandar awon baƙin mai ka goge ta da tsumma ka mayar ka sake zarowa, ka ga man na tsakanin alama biyun nan ko ya yi ƙasa. Ka dubi robar ruwan lagireto, ka dubi man birki, ka leƙa ƙasan motar ko akwai inda ya ɗiga cikin dare. In ka saba ganin motarka tana lafiya, ranar da wani abu ya canza idonka ne zai fara gaya maka kafin kunnenka. Kuma littafin nan da ke zuwa da mota wanda kowa ke barinsa a aljihun gaba, ka karanta shi, irin man da injinka ke sha da lokacin juye duk suna ciki.

MaiShakka:
Ni dai ina bayan abokinka. Baba da girmanka, amma motocin da kuka gyara a zamaninku ba su ne na yanzu ba, waɗancan kafireto ne da waya huɗu, na yanzu kwamfuta ce ke tafiyar da komai. Mutum ya taɓa abu ɗaya fitilu uku su kama. Kowa ya tsaya a kan sana'arsa shi ne zaman lafiya.

Ummu_Yara:
Haba MaiShakka, ai ba cewa ya yi zai sauke inji ba. Malam SabonShiga ka bar mota tukuna ka fara da famfon nan da ka ce yana ɗiga, don shi ko ka kuskure ruwa ne kawai zai jiƙa ka. Ni da shi na fara. Ka fara rufe ruwan daga babban makunni, ka buɗe famfon ya tsiyaye, sannan ka toshe ramin sink ɗin da tsumma saboda ƙananan sukurori in suka faɗa ciki sun tafi kenan. Ka ɓalle murfin da ke saman kan famfon za ka ga sukuru ɗaya, ka kwance shi ka zare kan, sai ka sa sifana ka kwance na ciki, a can ƙasansa akwai wata 'yar baƙar roba zagayayya, ita ce washa, za ka tarar ta lotse ko ta tsage a gefe. Ka ɗauke ta a hannunka ka je ka samo irinta, kar ka ce za ka kwatanta da baki. Wallahi ranar da na rufe famfon na tsaya ina jira in ga ɗigo shiru, daɗin da na ji ba a magana.

Dan_Sauri:
ko kuma ka naɗa masa farin tef ɗin nan na masu famfo shikenan, mene ne na wahala

Filamba_Na_Gida:
A'a Dan_Sauri, nan ka haɗa abu biyu. Farin tef na zaren mahaɗa ne, wato inda bututu ya shiga bututu ko inda famfo ya ɗauru a bango, in ta nan yake tsatsa to tef ne maganinsa, kuma shi ma ana naɗa shi ne ta ɓangaren da za a ɗaure, in ka naɗa a baibai kana ɗaurewa yana warwarewa. Amma in ta baki yake ɗiga ko naɗi ɗari ka yi ba abin da zai canza, ciki ne ya ci. Sannan ƙari a kan maganar Ummu_Yara, ba kowane famfo ne ke da washa ba, irin wanda murɗa kaɗan ake masa ya buɗe gaba ɗaya, ko mai hannu ɗaya na ɗagawa, su cikinsu faranti biyu ne na tangaran, in ya lalace cikin gaba ɗaya ake canzawa. Kuma dan Allah ka naɗa tsumma a jikin famfon kafin ka kama da filaya don kar haƙoran su kankare shi.

SabonShiga:
Na gode ƙwarai, nawa mai murɗawa da yawa ne, kenan mai washa ne. To fankar fa? Ita ma zan iya taɓawa?

Malam_Wayarin:
Tsaya nan ɗan'uwa. Ni aikin wuta nake, kuma ina ganin yadda zancen ke tafiya da sauƙi sai gabana ya faɗi. Ruwa yana maka uzuri, wuta ba ta yi. Kashe makunnin bango bai isa ba, domin akwai gidajen da aka yi wa wayarin a juye, makunnin yana yanke wayar dawowa ne ya bar mai wutar a raye har cikin fankar, fanka ta tsaya kai kana ganin babu wuta alhali tana nan tana jiranka. Ka je babban akwati ka sauke bireka, ka gaya wa mutanen gida kar wanda ya ɗaga, sannan ka gwada da testa, kuma testar ma ka fara gwada ta a soket ɗin da ka san akwai wuta don ka tabbata tana aiki. In gidanka babu birekar nan mai tsinkewa da kanta in wuta ta bi jikin mutum, wadda ake rubuta mata 30mA, ka kira gwani ya sa maka, wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Bayan haka, fanka mai rage gudu ko wadda sai an tura ta da sanda take tashi yawanci kafasita ce ta mutu, 'yar ƙarama ce mai waya biyu a saman fankar, ka karanta lambar da ke jikinta misali 2.5µF ka sa mai lambar daidai, kar ka ce bari in sa babba ta ƙara gudu, gudun zai ƙaru amma koyil ɗin zai riƙa zafi.

Dan_Sauri:
kafasita ai ba komai, ni ko ta firji ko ta obin mai ɗumama abinci duk ɗaya na ɗauke su

Malam_Wayarin:
Subhanallahi! Dan_Sauri ka goge wannan maganar kafin wani ya karanta ya yi aiki da ita. Obin ɗin maikurowef kafasitarsa na ɗaukar wuta wajen bolt 2,000, kuma tana iya riƙe ta bayan ka zare shi daga soket. Ta kashe mutane, har da masu gyara. SabonShiga wannan na cikin abubuwan da ko sukurun bayansa kar ka kwance. Haka na'urar sanyaya ɗaki, haka allon inbata.

Hajiya_Filaya:
Maganar Malam_Wayarin ita ce ainihin amsar tambayar a ganina. Ba wai za ka iya ko ba za ka iya ba, sanin wane ne naka wane ne ba naka ba. Ni kafin in taɓa abu nakan tambayi kaina in na kuskure me zai faru, in amsar ita ce zan sake aikin ko in sayi wani ƙaramin abu to bismillah, in kuwa amsar ita ce gobara ko rai ko birki ya ƙi ci da yara a mota, waya nake ɗauka. Tukunyar gas misali, ni iyakacina in kaɗa ruwan sabulu in shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunyar in ga ko zai yi kumfa, in ya yi in rufe in buɗe tagogi, ba na kunna makunnin fitila ba na ƙyasta komai. Abin da ya wuce canza tiyo ba nawa ba ne.

MaiShakka:
To ai kun dawo maganata. Wuta a'a, gas a'a, birki a'a, me ya rage? Canza ƙwan fitila?

Tsohon_Direba:
Abin da ya rage da yawa MaiShakka. Canza taya, juyen mai, filtar iska, roban goge gilashi, fis, kan batir, fulogi, hannun ƙofa, ƙofar da ke jan ƙasa, tankin bayan gida, toshewar sink, ɗaura kanta a bango. Rabin abin da ke sa mutum jiran mai gyara ai irin waɗannan ne. Amma tunda na ambaci taya bari in faɗi abin da na gani da idona a bakin hanya, wani bawan Allah ya ɗaga mota da jak ɗin da ke zuwa da ita ya cire taya ya tura kafaɗarsa ƙarƙashi wai yana leƙa wani abu da ke ƙara, ƙasar wurin mai laushi ce, jak ɗin ya fara kwantawa a hankali muna kallo, ihu muka yi ya ja jiki motar ta sauka a kan ƙarfen birki. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, sai an sa mata ƙafafun ƙarfe na tokarewa, kuma ba bulo ba don bulo yana rugujewa ba sallama. In taya za ka canza ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka tokare tayar da ke ɗaya kusurwar, ka sassauta notuna tun motar na ƙasa, tayar da ka cire ka kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar. Wajen ɗaurewa kuma kar ka bi su a jere, ka riƙa tsallakawa wannan sai na gabansa har su zauna daidai.

Baba_Sifana:
Allah ya yi maka albarka Direba. A ƙara da lagireto, kar a buɗe murfinsa inji na da zafi. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasa, kana sassauta murfin zai yi tsiri ya wanke maka fuska da hannu.

Gimbiya01:
Ni tambayata kayan aiki. In mutum zai fara me da me zai saya? Na ga akwatuna masu kaya ɗari da wani abu a ciki sai in rasa ko su ne daidai.

Injiniya_K:
Gimbiya01 kar ki sayi babban akwatin nan, yawancin abin da ke ciki ba za ki taɓa su ba kuma ƙarfen yakan zama mai laushi. Ki sayi kaɗan masu kyau ki riƙa ƙarawa duk sanda aiki ya nema. Sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya ta gama-gari da mai dogon baki, guduma, tef na awo, tocila, sifanoni daga 8 zuwa 19, da mita ta awon wuta. In da mota ki ƙara soket na kwance noti masu kusurwa shida, don sifanar nan mai daidaitawa da kowa ke so ita ta fi mulmule kan noti, tana da wasa a baki, in dole ne ki yi amfani da ita ki matse ta sosai a jikin notin kafin ki ja. Lamba 10 kuwa ki sayi biyu, ita ce aka fi nema a mota kuma ita ce ke fara ɓata. Wani abin da mutane ba su lura da shi, sukurori masu baki huɗu ba iri ɗaya ba ne, akwai PH akwai PZ, shi PZ za ki ga wasu 'yan zane huɗu ƙanana tsakanin manyan, in kika sa na wannan a wancan zai riƙa zillewa har kan sukurun ya cinye ki ce ke ce ba ki iya ba alhali makamin ne ba nasa ba.

Ummu_Yara:
Kai, wannan na PH da PZ yau na fara ji, ashe shi ya sa sukurun katako ke ba ni wahala. Na gode Injiniya.

Dan_Sauri:
ku manta da duk wannan, man feshin nan WD-40 kawai shine magani, ƙofa, babur, fanka, birki in yana ƙara duk fesawa nake

Injiniya_K:
Birki?? Dan_Sauri dan girman Allah ka daina. Birki da gogayya yake aiki, duk abin da ke da maiƙo in ya taɓa fad, wato takalmin birki, ko farantin da yake kamawa ka rage masa ci kenan, in yana ƙara a duba ko fad ɗin ne ya cinye. Shi WD-40 tun 1953 aka haɗa shi a Amurka don korar danshi da hana tsatsa, yana taimakawa wajen sassauta abin da ya kafe, amma siriri ne yana bushewa, ba ya maye gurbin giris a boris ko man sarƙa.

Bakanike_Sabon_Jini:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni bakanike ne, yanzu haka daga gareji nake rubutu, kuma mutane za su zaci zan ce ku bar mana sana'armu. Ko kusa. Kwastoman da ya san motarsa ya fi min sauƙi sau goma, ya zo ya ce min ƙarar tana fitowa ne in na karya kwana hagu kuma tana ƙaruwa da gudu, ya rage min rabin aiki, ba wanda zai ce min kawai motar ba ta jin daɗi ba. Wanda ke ba mu ciwon kai shi ne wanda ya fara aiki ya ɓata ya kawo ya yi shiru. An sha kawo min inji da fulogi a karkace, an sa shi da sifana tun farko maimakon a fara murza shi da yatsu, kan injin kuwa alminiyom ne mai laushi zaren ya cinye, aikin ɗan lokaci ya koma babba. Duk abin da ke da zare ka fara da hannu, in ya ƙi tafiya da hannu to bai hau daidai ba, ka dawo baya. Kuma fulogi sai inji ya huce. Haka juyen mai, in ka cire tsohuwar filta ka duba robar bakinta ta fito tare da ita ko ta manne a jikin inji, in ta manne ka ɗora sabuwa a kai roba biyu kenan, kana tayarwa man zai tsiyaye. Ka shafa ɗan mai a robar sabuwar ka ɗaure da hannu. In kuma ka taɓa abu ya gagare ka, ka faɗa mana gaskiya, ba wanda zai yi maka dariya.

MaiShakka:
Yauwa, ga shaida daga bakin mai sana'a, fulogi kawai ya jawo babban aiki. Kuɗi biyun da abokinsa ya faɗa kenan.

Bakanike_Sabon_Jini:
Ba haka nake nufi ba Yallaɓai. Wanda ya karanta abin da na rubuta ai ba zai yi wannan ɓarnar ba, rashin wanda zai gaya masa ne ya jawo. Mu ma da aka kai mu koyo ba ranar farko aka ba mu inji ba, wankin noti muka fara.

DanKwamfuta:
Bari in koma kan fitilar da SabonShiga ya ce tana kama masa, da kuma maganar MaiShakka cewa motar yanzu kwamfuta ce. Ni a ganina kwamfutar ma sauƙi ta kawo wa ɗan koyo, don motar da kanta take faɗin inda ke mata ciwo. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wani soket mai ramuka 16 da ake kira OBD2, Turai ma suka bi baya, yana ƙasan sitiyari, akwai 'yar na'ura da ake cusawa ta haɗu da wayarka ta nuna maka lambar matsalar. Misali P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, P0171 na nufin iska ta yi wa man yawa. Abin da ya kamata a gane shi ne lambar ba ta ce maka ga abin da za ka saya ba, ta nuna maka unguwar ne kawai, P0171 na iya zama tiyon iska ne ya tsage, ko datti a sansa, ko famfon mai ya yi rauni, mutane da yawa suna ganin an ambaci sansa sai su ruga su sayo sabuwa fitilar ta dawo. Ko ba za ka gyara da kanka ba, ka shiga gareji da lambar a rubuce. Sannan in fitilar injin tana ƙiftawa ne ba a tsaye take ba kar ka ci gaba da gudu da ita, in kuwa jar fitilar mai ce ta kama kana tafiya ka faka ka kashe nan take.

Malam_Wayarin:
A ƙara wa DanKwamfuta, a mota ma akwai wayoyin da ba a taɓawa. Duk waya mai kauri mai launin ruwan lemo da ka gani a mota mai haɗin batir da fetur ko mai lantarki zalla, babbar wuta ce ɗaruruwan bolt. Mahaɗa masu ruwan ɗorawa kuma na balan-balan ɗin kariya ne, a bar su.

Dan_Sauri:
batir dai kowa ya iya, ka cire jan ka cire baƙin ka goge ka mayar

Tsohon_Direba:
Ka juya shi Dan_Sauri. Baƙin ake fara cirewa, mai alamar ragewa, shi kuma ake mayarwa a ƙarshe. Dalili, duk ƙarfen jikin mota haɗe yake da baƙin, in ka fara da jan sifanarka ta taɓa bodi tana kan notin to ka haɗa batir da kansa, tartsatsi, sifana ta yi ja, batir ma na iya fashewa. In baƙin ya riga ya fita ko ta taɓa ba abin da zai faru. A cire zobe da agogon ƙarfe kuma. Gimbiya01 tunda an ce ki sayi mita ga aikinta na farko, ki sa ta a DC 20, mota a kashe ta kwana batir mai lafiya zai nuna wajen 12.6, in kika ga ƙasa da 12 ya sauka sosai, in aka tayar ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14 da ɗoriya, in bai hau ba to ba batir ne mai laifi ba, abin da ke caja shi ne ko bel ɗinsa. Mutane nawa suka sayi sabon batir a banza saboda rashin wannan awon.

Gimbiya01:
Na rubuta duka, Allah ya saka. Ni abin da ke karya min gwiwa shi ne bidiyon YouTube, mutum zai kwance abu cikin minti biyar yana murmushi, ni in zo noti na farko ya ƙi motsi.

Hajiya_Filaya:
Ƙanwata ai sun yanke wurin da suka sha wahala ne, kuma yawanci nasu ba tsatsa. Ki kalli na mutum biyu ko uku a kan aiki ɗaya, ki tabbata samfurin naki ne da shekararsa, ki karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa don a nan ake faɗin abin da mai bidiyon ya tsallake. Ki riƙa ɗaukar hoto da waya kafin ki cire kowane abu, sukurori ki jera su a kwali yadda suka fito. Notin da ya kafe ki fesa masa mai sassauta tsatsa ki ba shi lokaci, in kin ji ranki ya fara ɓaci ki ajiye ki tashi, yawancin abin da ke karyewa a hannun mai fushi yake karyewa. Kuma kar ki fara aiki da yamma a kan abin da kike buƙata gobe da safe.

DanKwamfuta:
Akwai shafin iFixit ma, suna da bayanin gyara hoto bayan hoto kyauta. Kuma wannan abin da muke tattaunawa ba mu kaɗai ba ne, a Amsterdam a 2009 wata mata Martine Postma ta fara taron da ake kira Repair Café, mutane su kawo kayansu da suka lalace masu sani su zauna da su a gyara tare ba wai a karɓa a gyara musu ba, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Tarayyar Turai ma a 2024 ta yi dokar haƙƙin gyara don matsa wa kamfanoni su riƙa samar da kayan gyara. Kenan wani lokacin ba kai ne ka kasa ba, an ƙera abin ne da gam da sukurori na musamman don kar a buɗe.

MaiShakka:
Duk na ji, kuma na ƙaru da maganar batir ban ɓoye ba. Amma har yanzu ba wanda ya yi maganar lokaci. Ranar hutu ɗaya mutum ke da ita, ya ƙare ta ƙarƙashin sink a kan abin da gwani zai gama kafin ka amsa waya? Ga garanti, sabon abu in ka buɗe shi kamfani na iya cewa ba ruwansu. Ga gidan haya, ka huda bango ka samu bututu mai gida ya ce ka biya.

Filamba_Na_Gida:
Maganar garanti da haya gaskiya ce, abin da ke cikin garanti a mayar musu, ɗan haya kuma ya nemi izini. Huda bango kuwa akwai ƙa'ida, waya da bututu yawanci a miƙe suke tafiya sama ko ƙasa ko gefe daga soket da makunni da famfo, to kar ka huda a saitinsu. Lokaci kam na farko zai ci maka, na biyu ba zai kai haka ba. Kuma akwai abin da ba ya jiran gwani, bututu ya fashe tsakar dare, wanda ya san inda makunnin ruwan gidansa yake da wanda bai sani ba asararsu ba ɗaya ba ce.

SabonShiga:
Jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Na yanke zan fara da famfon da kuma duba mota da safe kamar yadda Baba ya ce, fankar zan jira wani da ya sani ya tsaya a kaina. MaiShakka maganarka ta lokaci ma tana raina. Wata tambayar kuma, tankin bayan gidana ba ya daina shan ruwa, kullum ana jin sautinsa siririn nan ko ba wanda ya shiga, shi ma na ɗan koyo ne?

Filamba_Na_Gida:
Naka ne wannan. Ɗaga murfin ka leƙa, in ruwan ya cika har yana bi ta bututun tsakiya to abin da ke yawo a saman ruwan ne bai rufe shigowa ba, ka ɗaga shi da hannu, in ruwan ya tsaya saiti kawai yake so ka yi ƙasa da shi kaɗan, in bai tsaya ba robar cikin makunnin ce ta ci. In kuma ruwan bai kai bakin bututun ba amma yana ta shiga, to ta ƙasa yake zurarewa, ka ɗiga ɗan abu mai launi a tankin ka bar shi ba tare da ka ja ba, in launin ya bayyana a kwanon robar ƙasa ce. Ka ajiye murfin a ƙasa a kan tsumma, yana da saurin fashewa kuma samun irinsa shi kaɗai wuya ne.

Baba_Sifana:
SabonShiga in ka buɗe bonet gobe ka ɗauko mana hoton sandar man a kan farin tsumma ka turo nan, ina so in ga launinsa. Ka duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba kuma ka gaya min iskar da aka rubuta wa tayoyinka, ita ake bi, lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce.

Gimbiya01:
Baba ni ma zan turo nawa. Amma tawa motar na duba ban ga sandar man giya ba sai ta inji kawai, haka take ko ni ce ban gano wurin ba?

Bakanike_Sabon_Jini:
Da yawa cikin na yanzu ba sa zuwa da ita, ta wani noti a jikin giyar ake aunawa mota a ɗage kuma man a wani zafi na musamman, wannan ki bar mana. Wace iri ce kuma ta wace shekara? Ki faɗa min in duba miki.